Ƙofofin Cima

A asibitin Damagaram, bayan ɗakin awon jini,
akwai na'ura mai huci dare da rana.
Sunayen rabin Birni na kwance cikinta,
da ciwon da kowa ke ɓoye wa maƙwabcinsa.

Ni na gina mata ƙofofi.
Ta farko kalmar sirri take tambaya.
Ta biyu ta aika lambobi shida wayarka,
minti guda su yi, su mutu.
Ta uku yatsa take so,
ba ta jin "haba, ai kin san ni."

Ko ka wuce, ba kowane ɗaki ne naka ba.
Mai karɓar kuɗi, kuɗi yake gani.
Mai ba da magani ya ga ƙwaya,
bai ga dalili ba.

Jiya Kawu Kiyari ya taso tun daga Zango:
"Cima, leƙa mini takardar yaron nan
da ke neman aiki shagona."

Na ce, Kawu, magina ce ni,
ko taga ban bar wa kaina ba.

Ya kaɗe riga ya fita.
Ya manta daminar da na rako shi da dare,
tasa takardar ma tana ciki,
a rufe.