Kifin da Ba Na Miya Ba

A Idi-Araba, hawa na biyu, ɗaki ɗaya da baranda,
na ajiye kogi cikin gilashi.
Kamu biyu ne tsawonsa, faɗinsa bai kai ba.

Ni jikan Sarkawa ne. A Yawuri
kakana Ɗantani da kafaɗa yake auna kifi,
giwan ruwa sai ƙarti biyu sun kama masa.
Nawa kuwa, mace da namiji,
kowanne bai wuce ɗan yatsana ba.
A leda na ɗauko su daga Mushin, kamar fiya wata,
ina kare su da ƙirji daga gwiwar kwandasta.

Ita cikinta ja ne, ya sirka da shunayya,
kamar lalle ya kwana a tafin hannu.
Shi siriri, jelarsa da ɗigo baƙi
an kewaye shi da ruwan zinariya.

Yashin sau bakwai na wanke.
Ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti.
Ɓawon kwakwa na fasa wa ƙofa, na kife a lungu,
suka tare ran nan,
ba kuɗin ejan, ba haya.

Inna ta gan su ta waya.
Ta ce, yaushe za su girma?
Na ce, ai sun gama, Inna.
Shiru. To me ake yi da su?
Na ce, kallo.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Daren Talata, ƙarfe biyu, aka ɗauke wuta.
Kumfa ta tsaya. Shirun ne ya tashe ni.
Janaretan maƙwabta na ruri, ni ba ni da shi,
sai kofin roba:
in ɗebo, in ɗaga, in tsiyaya,
in ɗebo, in ɗaga, in tsiyaya,
har ladan ya kira assalatu, hannuna ya mutu.

Da gari ya waye na ga ƙura a bakin kwakwa,
ƙura mai idanu.
Na ƙirga ashirin da uku, lissafi ya kwance.
Uwar na gaba, uban na gadin baya,
har ni yake yi wa barazana ta gilashi.
Ɗaya ya ɓalle, ta bi shi ta haɗiye.
Na ce innalillahi!
Ashe a baki ta riƙe shi,
ta kawo cikin 'yan'uwansa ta tofar.

Kullum danfo na ratsa doguwar gada da ni,
ruwa dama, ruwa hagu,
shekara tara ban tsoma ƙafa ba.
Da dare nakan naɗe hannun riga
in cusa har gwiwa, wai gyaran ciyawa nake.
Sukan zo su ɗan tsinci gashin hannuna.
Ba na saurin fitarwa.