Sha Biyu da Ɗigo Shida

An ɗauke wuta tun la'asar a Ƙofar Marusa.
Na ɗaga bonet, na maƙala ja ga ja, baƙi ga baƙi,
na ja waya ta tagar ɗaki
har tabarmar da Barira ke buga aikin makaranta.

Sha biyu da ɗigo shida.
Mita na kallona da jan ido, ni ma ina kallonta.

Lurwanu mai shayi ya leƙo da wayarsa:
"Layi ɗaya ya rage, maƙwabci."
Wa ke hana maƙwabci garwashi?
Sai ga ta matarsa, sai tocilan mai gadi,
sai fanka, don sauro ya hana Inna rintsawa.

Sha biyu da huɗu.
Gero ne a rumbu tsakiyar damina,
kowa na zura ƙoƙo,
ni kaɗai nake leƙa gindi.

Da asuba ina da fasinjan Jibiya,
mutum shida da buhun barkono,
gwiwata kuwa ta gama tura mota tun bara.

Sha biyu da biyu.
Na zare fanka. Inna ta yi tsaki cikin barci.
"Yaya, saura shafi uku."

Sha biyu da ɗaya.
Na shiga mazaunin direba, makulli a tafina.
Man da ke tanki na hanya ne, ba na dare ba.

"Saura biyu."

Na murza.
Inji ya yi tari, ya ƙara, ya kama,
lamba ta haura sha huɗu,
akuyar Lurwanu ta zabura ta kifar da tukunyar shayi.