Ba Tamu Ba Ce

Shekara ashirin da uku ina gaban inji na biyu,
a Kudenda, inda ƙarfe ba ya runtsawa.
Kunnena na hagu a can na bar shi,
ban nemi diyya ba, na ce ai gida ne.

Da safe tsohon kwali ne, da jaridar da ta sha man ƙosai,
da littafin yaron da ya faɗi jarrabawa,
mu zuba a tukunya, mu dama kamar kunun kanwa.
Kafin la'asar ta fito fara sol, ba ta tuna komai.
Nakan ce wa Istifanus, ka ga tuba ke nan.
Ya yi dariya, ya ce su ma haka ake faɗa musu ran Lahadi.

Sai ga wasu samari da kwamfuta a hammata,
takalmansu ba su taɓa sanin jiƙa ba.
Kwana uku suna ƙirga mu kamar awaki a Zango.
Ɗaya ya ce, Baba, wannan maɓalli fa, me yake yi?
Na nuna masa, har da ƙari.
Ashe wuƙa nake wasa wa mahauci.

Suka ce gyaran fuska za a yi wa kamfani.
Ni dai ban taɓa jin an gyara fuska da yanke hanci ba.

Ran Alhamis aka liƙa sunaye a bakin ƙofa,
mutum ɗari da goma sha bakwai.
Barau ya bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa,
bai ga nasa ba, ya rasa inda zai ajiye idonsa,
don nawa ne na tara,
na Istifanus na biye, kamar kullum a layin abinci.

A ofis aka miƙo mini ambulan.
Hannu ya riga ido karatu:
na murza ta tsakanin yatsu biyu,
na ɗaga ta ga hasken taga,
na sansana.
Ba tamu ba ce.
Tamu tana da ɗan kaushi, irin na tafin manomi,
tana riƙe tawada kamar amana.
Wannan sai santsi, ta ƙetaro teku a cikin kwantena.
Takardar sallamata ma sai da aka sayo ta daga waje.
Wannan ya fi mini "mun gode da hidimarka" ciwo.

A waje Tabawa na zaune gaban tukunyar shinkafa da wake.
Ba sunanta a jerin, amma ita ma an sallame ta:
faranti ɗari da goma sha bakwai,
wa zai cinye su ran Litinin?
Ta buɗe littafin bashi, ta nemo shafina,
na ce, bari in taɓa.
Wannan kam tamu ce, na san ta kamar 'yata.
Ta ce, je ka, Malam Jatau, sai ka samu.
Ba ta soke ba. Na gode mata da ba ta soke ba.

Na biyo ta Kakuri a ƙafa, don in rage kuɗin mota.
Masaƙun nan da suka riga mu kwanciya
suna kallona ta tagogi marasa gilashi,
bishiya ta fasa rufin ɗaya tana shan iska.
Da can in na wuce nakan ce, Allah sarki.
Yau sallama na yi musu, irin ta maƙwabta.

A gida Uwani ta tare ni, littafinta ya cika,
ga aikin lissafi, malam ya ce gobe da safe.
Na laluba aljihu. Na juya wasiƙar,
bayanta fari ne, ba a rubuta komai ba.
Ta kwanta rub da ciki a kan tabarma,
tana lasar bakin fensir.
Na ce, wane iri aka ba ku yau?
Ta ce, na ɗebewa ne, Baba,
irin wanda in bai isa ba
sai ka ara daga maƙwabci.