Kusurwar Gabas

Filin da Baba ya bar mini a Wurno
sunansa fili, amma gangare ne:
in ka ajiye tulu, sai ya kama hanyar fadama,
in ka zubar da ruwa a ƙofa
ya riga ka isa Rima.

Nan rumbunsa ya yi shekara tara
yana karkata kamar tsoho mai ciwon ƙugu,
har daren da sama ta ɓalle a watan marka.
Da asuba muka bi gero cikin kwazazzabo
muna tsinta da ƙwarya,
kajin unguwa suna taya mu.

Da na tashi gina nawa,
mai cin dami ɗari uku,
na kira Labbo magini.
Ya taka wurin ba takalmi,
ya girka tasa cike da ruwa a ƙasa,
ruwan ya taru gefe guda, ya zube.
Ya ce, “Ka gani? Ruwa ba su ƙarya.
Wanga wuri sai an sa mai ƙashi.”

Jakunan Arzika suka yi mako uku
suna sauko da marmara daga tudu,
mangala ta cinye musu baya.
Manyan duwatsu a ƙasa, can bakin gangare,
kowanne sai Labbo ya juya shi, ya sake juyawa,
har ya samo gefen da yake son kwanciya.
Ƙanana a tsakani, su toshe baki,
tsakuwa a kai, a yayyafa ruwa, a daɓe,
a sake jeri, a sake daɓe.
Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi.

Na ce, “Duk wannan kuɗi
a kan abin da ido ba zai gani ba?”
Bai ɗago ba. Ya ce, “Miƙo man wancan.”

Saura kusurwar gabas, aljihu ya bushe.
Arzika ya ce jakunansa ba sa cin alkawari.
Da dare, ba farin wata, na ɗauki kwando
na kwaso ɓaraguzan tsohon rumbu,
fasassun tubala, toka, har da juji,
na cika ramin, na shimfiɗa tsakuwa a kai,
na daɓe shi sumul kamar abin gaske.
Da safe Labbo ya zagaya, ya tsaya a wurin,
ya daɗe yana tauna goro.
Can ya ce, “Ba a aza rumbu bana.
A bari damana ta taka shi tukuna.”

Na ji haushi. Ige matata ta fi ni ji,
don geron shekarar a ɗakinta ya kwana,
ɓeraye na biki a ƙarƙashin gado.

Damina ta zo ta yi nata awo.
Kusurwa uku, ko gezau.
Ta gabas ta lotsa yatsa huɗu,
ruwa ya kwanta a ciki, har da kwaɗo.
Labbo ya ɗora tasarsa a kai,
muka tsaya mu biyu muna kallon ruwan
yana tona mini asiri.

Ya ce, “Tun rannan ƙafata ta jiya shi.
Da na yi magana, da ka rantse,
ni ko ban son ka ɗauki rantsuwa da rumbu tare.”

Na sayar da tunkiya, na biya Arzika.
Da hannuna na tone abin da na binne,
yana wari, yana ɗumi, har ya yi tsiro.
Dutse bisa dutse muka mayar.

Yau rumbun na tsaye, cikinsa fal,
da la'asar inuwarsa na kai bakin kwazazzabo.
Masu wucewa suna yaba yaɓe da jinka.
Ni kuwa in na zo ɗibar hatsi da safe
sai na fara zagayawa gabas,
in tuɓe takalmi, in taka.