Giɓin Ƙarshen Wata

Ƙarfe goma na dare muka ja ƙyaure.
Jirgin ƙasa ya wuce, gwangwanaye suka yi rawa a kan kanta.
Agege ba ta barci, mu ma haka,
yau daren ƙirga ne.

Littafi ya ce madara saura ɗari biyu da arba'in,
kanta ta ce ɗari biyu da sha biyu.
Na sake bi da yatsa, ɗaya ɗaya, kamar mai jan carbi,
ashirin da takwas ɗin nan sun ƙi dawowa.

Alhaja Mosun ta cire tabarau.
Da ma ta kafa kyamara huɗu a silin,
ta rataye madubi mai tumbi a kusurwa,
ta hana mu wando mai aljihu.
Kaya ba ya fita sai kuɗi ya yi ƙara a wayarta,
tun ranar da wani mai ƙamshin turare
ya nuna mana hoton biya, ya wuce da shinkafa buhu uku.
Duk da haka tulun yana yoyo.

Ta dube mu, mu biyar.
Idonta ya tsallake mai karɓar kuɗi, ɗiyar ƙanwarta ce,
ya tsallake ni, shekara tara ina riƙe da makullin sito,
ya sauka kan yaron da ke ɗauko kwalaye.

Barau sunansa.
Uwarsa ta binne uku kafin shi,
ta sa masa sunan don mutuwa ta bar mata.
A Legas kuwa kalmar Hausa ɗaya kowa ya iya,
kuma ta yi kama da sunansa.

Aka zazzage jakarsa a bakin ƙofa:
asuwaki, caja, rabin burodi.
Aka yanke albashinsa duk da haka.
Bai ce komai ba. Ya ninke rigar kanti,
ya ajiye ta kan firiza.

Wata ya zagayo. Giɓin yana nan,
har ya yi ƙiba.

Ranar Talata motar kamfani ta zo cikin ruwan sama.
Direban ya miƙo min goro yadda ya saba,
ya miƙo takarda da biro, yana duba agogo.
Ban san me ya taɓa ni ba.
Na ɗauki kwali ɗaya na ɗora kan sikelin shinkafa.
Allura ta tsaya inda bai kamata ba.

Na sa reza.
Layin sama cif, layin ƙasa cif,
a tsakiya gurbin gwangwani huɗu,
an cusa tsohuwar jarida,
an mayar da salatif sumul kamar daga masana'anta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Wa ke sa hannu bai buɗe ba?
Wa ke cin goro yana hira, kwalaye suna wucewa ta bayansa?
Sunana ne a ƙasan kowace takarda,
Tanimu, da wutsiyar nan da nake ja masa.

Yanzu komai sai ya hau sikeli kafin ya shiga sito.
Littafi da kanta sun daina musu.
Alhaja ta ƙara min dubu biyar,
ta ce ni mai amana ne.

An ce an gan shi a Mil Sha Biyu
da kwandon tumatir a ka.
Na je sau biyu. Kawuna sun yi yawa,
kowane kwando ya rufe fuska.

A littafinmu akwai layin abin da ya fashe,
da na abin da ya lalace,
da na abin da ɓera ya ci.
Na duba har bangon baya,
ban ga inda zan rubuta Barau ba.