Duwatsu Biyar a Grimsby

Ranar Lahadi na je bakin teku,
ruwan ya ja da baya kamar mai jin nauyin baƙo.
Ban je neman komai ba,
amma na dawo da duwatsu biyar a aljihun rigar sanyi,
masu sulɓi, kowanne bai fi ƙwan kurciya ba.

Na zube su a gaban Rumasa'u.
Ta ɗago daga waya, ta ce, "Mama, na mene ne?"
Na ce carafke.
Ta juya kalmar a baki kamar ta ci karo da tsakuwa a shinkafa,
ta yi mini murmushin da ake yi wa mai jinya,
babban yatsanta ya koma kiwonsa a kan gilashi.

Ban ga laifinta ba.
Ina ta san ƙofar gidanmu a Malumfashi,
inda ƙasa ta yi laushi don yawan zamanmu,
ni da Ladiyo da Tambai bahaguwa
wadda ba a taɓa cinyewa ba
sai ranar da kunama ta harbe ta a yatsa?
Ba ta ga yayyenmu suna langa ba,
ƙafa ɗaya a hannu, ɗaya tana dakan ƙasa,
ko motar karan da Ɗanjuma ya yi wa fitila da murfin kwalba.
A kira magariba, a kira mu, a sake kira,
ba ma tashi sai Inna ta leƙo da muciya.

Litinin na tafi aiki, na manta suna aljihu.
Gidan kula da tsofaffi, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe:
Mavis, shekara tamanin da tara.
Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gyaran kifi a tashar jiragen ruwa,
har yau yatsunta a tanƙware suke kamar suna riƙe da wuƙa.
Ɗanta in ya zo,
kallon mai gyaran famfo take yi masa.
Ni kuwa tun hunturu ba ta ce mini komai ba sai a'a.

Na sunkuya zan ɗaura mata takalmi,
duwatsun suka zubo, suka gangara ƙarƙashin kujera.
Na tsince su ina ba da haƙuri.
Sai ta buɗe tafin hannu.

Ta watsa su a kan farantin shayi.
Ta zaɓi ɗaya, ta auna nauyinsa.
Ta cilla sama, bai kai tsayin kofi ba,
ya faɗo mata a cinya.
Ta yi tsaki.
Wallahi tsaki, irin na Ladiyo.
Ta sake cillawa,
hannun nan da ba ya iya riƙe cokali
ya zari na ƙasa, ya juyo, ya cafe na sama.
Ƙwas.

Ta dube ni, idonta tar kamar an kunna ashana,
ta turo mini farantin,
ta kira ni Brenda, ta ce saura ke.
Na amsa.
Na durƙusa a kan kafet da rigar aiki
na yi wasa da Tambai, ita ta yi da Brenda,
mu huɗu a ɗakin, biyu ba su zo ba.
Sau uku ta cinye ni. Ɗaya kawai na bar mata da gangan.

Da barci ya ɗauke ta, ɗaya yana dunƙule a hannunta.
Ban ɓamɓare ba.
A takardar rahoto na rubuta: ta ci rabin abinci.
Babu gurbin rubuta sauran.

Huɗun na ajiye kusa da tukunyar shayi, ban ce wa kowa komai ba.
Can cikin dare, ruwa yana dukan taga,
na ji wani abu ya faɗi a kicin, ya gangara,
aka yi shiru,
ya sake faɗuwa.
Ban tashi ba. Na ja bargo.
Huɗu ba sa isa.
Bari Lahadi ta zo, in ji ko wani zai tambaye ni
ƙarfe nawa teku yake janyewa.