Layi Uku

Takardar ta ce: a layi uku,
faɗi cancantar ɗalibarka.
Tun bayan lisha nake zaune,
shayi ya huce, biro ya gaji da hannuna,
Kaltume Bappayo ta ƙi shiga layi uku.

In fara da maki? Suna da shi, ofis ya tura:
lissafi casa'in da ɗaya,
zanen injina tamanin da bakwai,
Turanci kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Abin da ba su gani ba shi ne ɗan yatsanta
inda dalma ta yi mata tambari a aji huɗu.
Ba ta yi kuka ba. Ta tsoma shi a moɗa,
ta ce, "Malam, wayar dai ta kama ko?"

Ba su san fadamar Dadin Kowa da tsakar dare ba,
inda ubanta ke gadin injin ban ruwa,
don in barci ya sace shi, mai ya ƙone a banza,
albasa ta sha har ta ruɓe.
Ita ta sani. Ta tsinto ƙusa biyu,
da batirin babur da aka yar a garejin Ɗanlele,
da hanjin rediyon kakarta
(tsohuwar har gobe tana bin ta bashi),
ta binne ƙusoshin a gindin fangali:
in ƙasa ta ƙoshi,
inji ya kama bakinsa da kansa.

Ranar gasa a Gombe, gaban alƙalai biyar,
abin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu.
'Yan wata makaranta suka tuntsire.
Ni na so ƙasa ta tsage in shige.
A mota kowa ya yi jugum,
ita tana rubutu bisa gwiwa.
Kafin mu wuce Kwadon ta miƙo mini littafin:
"Ga inda na yi kure. Wayar ta yi siriri."

Ba ta ci kofi ba, kada ku tambayi kofi.
Ku tambayi manoma bakwai da suka binne ƙusa bana.
Ku tambayi maƙwabtan Malam Bappayo,
sun ce minsharinsa ya dawo gida.

Shekara ashirin da biyu ina cin alli.
Sau ɗaya aka gyara mini lissafi a allo
na juyo ban ji haushi ba.
A'a, ƙarya nake, na ji,
har sai da na je gida na sake bi
na tarar ita ce da gaskiya.

Tana da aibi, zan faɗa tunda amana ce:
taurin kai kamar ƙwaryar goriba,
takan wuce ka ba gaisuwa in tana ƙirga wani abu,
bakin mai ba ya rabuwa da gefen hijabinta.

Ubanta ya ƙirga buhunan albasa sau uku.
Sau uku kuɗin jami'a ya fi su tsawo.
Bai roƙi kowa ba. Ni ma ba roƙo nake ba.
Mai rijiya ba a ce masa ya ji tausayin guga,
sai dai a ce masa: wannan ba ta yoyo.

Zakara ya yi cara. Bari in cike musu gurbin:

Na ga abin da ta yi da shara.
Ban san me za ta yi da kayan aiki ba.
Ku ba ta, mu gani tare.